Fayil ɗin Kwatar Layin Inna

Litinin, farkon Agusta, da hantsi

Na kai takardar da kaina ofishin hukumar da ta gina mana kwata bara. Matar da ke rajista, Filomina, ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta ce ba ta taɓa karɓar irinta ba. Na gaya mata dokar 'yancin samun bayanai ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman ganin takardun gwamnati, kuma a amsa masa cikin mako guda. Ta buga hatimi a kwafina tana kallona kamar na zo karɓar gawa.

Abin da na nema ba shi da yawa: takardar kwangila, zanen aikin, da rahoton kammalawa. Kwatar ta gangaro daga babban titi ta tsaya cak a bakin layin Inna a unguwar Liman Abaji, nan Keffi, duk ruwan da ta kwaso kuma layinmu take juye wa. Mutanen unguwa sun ce an cinye kuɗin sauran. Ni ban ce an ci ba, ban ce ba a ci ba. Takarda nake son gani.

Ofishin Kawu Sha'aibu, ƙanen Inna, yana cikin ginin, shi ne mataimakin shugaban sashen ayyuka. Na ga mashin ɗinsa a gindin dalbejiya. Ban shiga ba. Tun ina sabuwa a ɗakin labarai aka koya mini cewa abin da ka samo ta hannun ɗan'uwa ba ka iya ɗora shi a gaban jama'a. Ta ƙofar gaba na bi, kamar kowa.

Laraba, bayan La'asar

An yi ruwa. Na taya Inna kwashe tabarmi daga ɗakin da ke jikin katanga. Danshin ya haura inda na yi masa alama da alli a watan jiya. Malam Ubale mai shagon bakin layi ya ɗora buhunan sukari a kan benci yana zagin mutanen da bai san sunansu ba. Na ce masa na nemi takardun aikin. Ya ce, "Su ba ki? Allah ya ba da sa'a, 'yar boko."

Na gaya wa Prosper, editanmu a Abuja. Ya ce in sa ido a kan ranar da wa'adin zai cika.

Juma'a, bayan an sauko

Kawu bai zo ba.

Tun da na yi wayo, in ya fito masallacin Juma'a nan yake biyowa ya ci tuwon yayarsa. Yau ma ya yi alkawarin kawo babbar rigar da ya ba da a ɗinka masa don walimar bankwana, tun da saura 'yan watanni ya yi ritaya, don Inna ta ga aikin wuyan. Kwanon yana rufe a kan faifai har La'asar. Inna ta ce wataƙila mashin ne ya lalace. Ta faɗa wa kwanon, ba ni ba.

Asabar, da safe

Na sake jera littattafan da na jera jiya.

Lahadi, da Azahar

Anti Mero, matar Kawu, ta zo ba tare da ta aiko ba. Ta amsa gaisuwata a taƙaice ta shige ɗakin Inna, suka saki labule. Na zauna a tsakar gida ina tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa.

Da ta tafi Inna ta kira ni. Ba ta kiran sunana saboda ni ce 'yar fari, amma akwai "ke" iri-iri, kuma wannan na san ta.

"Ke, wace takarda kika kai wa su kawunki?"

Na fara bayanin doka. Ta bar ni na kai ƙarshe, sannan ta gaya mini abin da Anti Mero ta kawo. Da takardata ta isa teburin darakta, ya sa a fito da fayil ɗin kwatar. Aka duba ɗakin ajiya, babu. Aka duba littafin fita, sunan Kawu ne na ƙarshe. An ba shi takardar tuhuma, wadda ma'aikata ke kira kweri, an kuma kafa kwamiti. In kwamitin ya ce ya salwantar da takardun gwamnati, kora ce. Wanda aka kora kuma ba shi da fansho.

Na ce ban sani ba. Inna ta ce ta san ban sani ba, ai abin da ya sa ake tambayar manya ke nan kafin a rubuta.

Ban yi laifi ba. Doka ce. Na rubuta wannan ne don in gan shi a rubuce.

Litinin, a mota, da Magariba ta gabato

Mun tsaya a cunkoson Mararaba, a hanyar dawowa daga Abuja, ina rubutu a kan gwiwata.

Wa'adi ya cika yau, ba amsa. Prosper ya riga ya ji ƙishin-ƙishin daga wani wakilinmu cewa ana neman fayil a Keffi an rasa. Ya zo teburina yana murna, ya ce wannan ya fi abin da muka nema daɗi, kanun labari ya rubuta kansa. Na ce a jira. Ya tambaye ni a jira me. Na ce ban tabbatar ba. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba, kuma ina jin ya gane akwai saura.

Direba ya kunna rediyo ana muhawara a kan gaskiya da riƙon amana. Na roƙe shi ya rage.

Talata, bayan La'asar

Na je gidan Kawu.

Na same shi a zaure yana wanke filogin mashin da fetur. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "A'a, Jarida ce da kanta?" Sunan da yake kirana ke nan tun ina sakandare, amma yau bai yi dariyar da ke biyo baya ba. Ya gama goge hannunsa a tsanake, ya ce in biyo shi.

Ɗakin Anti Mero ya kai ni. Ya durƙusa ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A sama atamfofinta ne da kwalaben turaren wuta. A ƙasa fayiloli ne a ɗaure da igiya, an naɗe su da leda. Na kwatarmu yana sama, da sunan unguwarmu a bangonsa.

Ya ce rufin ɗakin ajiyarsu yana yoyo tun kafin a ɗauke ni aiki, gara kuma ta gama da ɓangare guda. Ya ce a sashensu kowa ya san ƙa'idar da ba a rubuta ba: aikin da ka sa wa hannu, kai ne mai gadin takardunsa. Tun lokacin da fayil ɗin wani abokin aikinsu, Haggai, ya ɓace a ofis, aka ɗora masa abin da bai yi ba, ya rasa da me zai kare kansa, kowa yake kwashe nasa ya kai gida. In za ka yi ritaya sai ka mayar a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Shi ma ya fara mayarwa. Na kwatar ya bari a ƙarshe saboda shi ne sabo.

"Da kin tambaye ni a kan tabarmar Yaya," in ji shi, "da ranar Juma'a na zo miki da shi a jakar mashin, kin karanta ina cin tuwo."

Na ce na sani.

Ya turo mini fayil ɗin. Ya ce in buɗe, in ɗauki hoton duk shafin da nake so, ai abin da nake nema ke nan. Hannuna ya kai kan igiyar. Ban kwance ba. Na ce masa Malam Ubale ba zai iya shigowa ɗakin Anti Mero ya karanta ba, kuma takardar tasa ce kamar yadda take tawa. Ya dube ni, ya ce kaina ya fi na Yaya tauri, ita kuwa an san ta.

Abin da ya biyo baya ba na son rubuta shi, amma zan rubuta. Ni na kawo shawarar. Na ce me zai hana a mayar da shi a ɓoye, a sa shi bayan kabad, a ce an gano shi. Ni, mai ƙofar gaba.

Ya ce makullin ɗakin ajiya yana hannun Filomina, kuma ita ta sa hannu cewa ta duba ko'ina ba ta gani ba. In aka gano shi a bayan kabad, kwerin kanta zai koma. Yarinyar tana da 'ya'ya ƙanana, in ji shi. Ya mayar da atamfofin, ya rufe akwatin, ya tambaye ni ko katangar Yaya ta ƙara jiƙewa.

Anti Mero ba ta fito daga kicin ba har na tafi.

Laraba, da asuba

In ya ce ya ɓace, kora. In ya ce yana gida, ya fitar da takardun gwamnati ba izini. Na juya shi ta kowane gefe.

Laraba, da yamma

Na karanta dokar daga farko har ƙarshe, wadda na kusa haddacewa. Ta faɗi abin da mai nema zai yi da abin da hukuma za ta yi. Ba ta san akwai kawu ba. Ba aikinta ba ne ta sani.

Na tambayi wata lauya da muka yi makaranta tare ko janye takardata zai taimaka. Ta ce kwerin ya riga ya zama nasu, ko na janye kwamiti zai zauna. Na ji sauƙi da ta faɗi haka, sannan na ji kunyar sauƙin.

Juma'a, bayan an sauko

Inna ta tuƙa tuwon. Ta rufe kwanon. Bai zo ba.

Asabar, bayan Azahar

Suna a gidan maƙwabta. Na je don kada a ce ban je ba. Ina shiga hira ta sauya hanya. Wata tsohuwa da ta goya ni ina ƙarama ta kama hannuna ta ce, "Sharifa, in za ki kai ƙarata ki bari in ci shinkafar nan tukuna." Aka yi dariya, ni ma na yi. A unguwar nan duk takardar da aka kai ofis ƙara ce. Na gwada bayyana wa mutum biyu bambancin tambaya da ƙara. Ta biyun ta ce to, in tambaya ce me ya sa aka buga mata hatimi?

A hanyar dawowa Malam Ubale ya tare ni. Shi ya ɗauka na kama ɓarawo, har yana jinjina mini, yana cewa ko ɗan'uwa ne a tona. Na ce masa ba wanda ya ce Kawu ya ci ko sisi. Ya ce to ina fayil? Na ce ruwa na zuwa, ya shigar da buhunansa.

Yabonsa ya fi habaicin tsohuwar ciwo.

Litinin, da rana, a ofis

Na rubuta labarin iri biyu na goge duka. Na farko gaskiya ne amma ya bar abin da na gani a ƙarƙashin gado. Na biyu ya faɗe shi, ya zama shaida a kan Kawu kafin shi ya buɗe baki.

Na shiga wurin Prosper na rufe ƙofa. Na ce masa ma'aikacin da ake tuhuma ƙanen mahaifiyata ne, don haka ba zan rubuta ba, bai kamata in rubuta ba. Buƙatata tana nan a matsayin ta 'yar unguwa. Ya tambaye ni ko na san inda fayil ɗin yake. Na ce abin da na sani a gida na san shi, ba a bakin aiki ba.

Ya ce, "Madam, ke 'yar jarida ce ko 'yar kawunki?"

Na ce duka biyun, shi ya sa nake tsaye a nan.

Ya juya biro a hannunsa. Ya ce zai ba wani, amma ba zai buga komai ba sai kwamiti ya zauna ranar Alhamis. Bai yi mini alheri ba, ƙa'ida ya bi. Na gode masa duk da haka.

Talata, da hantsi

Ban je aiki ba. Na share tsakar gida. Inna ta ce an share. Na wanke bokitan da ruwan sama ya riga ya wanke.

Laraba, bayan Magariba

Na kira Kawu, bai ɗauka ba. Na rubuta saƙo mai tsawo na rage shi har ya koma gaisuwa. Ya amsa da kalma ɗaya: Lafiya.

Inna ta zauna kusa da ni a kan tabarma, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba. Ta ce lokacin da mahaifinsu ya rasu ita ta riƙa kai Sha'aibu makaranta a bayan keken maƙwabci, kuma ranar da ya samu aikin nan a ɗakinta ya fara ajiye takardar ɗaukarsa, cikin kwalla, don kada ɓera ya ci. Ta ce su haka suka san adana abu mai daraja, a kusa da jiki. Ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba. Ta ce in ci abinci.

Doka ce. Yau rubuta shi bai yi mini komai ba.

Alhamis, da Azahar

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Da safe na kasa zama, na fita na tsaya a bakin shagon Malam Ubale kamar mai sayen wani abu. Sai ga keke napep ya taho daga wajen gidan Kawu a hankali saboda ramukan da ruwa ya haƙa. Kawu ne a baya, cikin babbar rigar walimar, shadda ruwan toka, aikin wuyan yana ɗaukar ido, da hula sabuwa. Akwatin ƙarfen Anti Mero yana kan cinyarsa, ya rungume shi da hannu biyu. Ya gan ni. Ya ɗaga wa Malam Ubale hannu.

Malam Ubale ya ce, "Ikon Allah, Alhaji Sha'aibu ɗaurin aure za shi da akwati?"

Na tari ɗan acaɓa na bi su.

Ta babbar ƙofa ya shiga, lokacin da ma'aikata suka fi yawa a farfajiya. Mai gadi ya miƙa hannu zai taya shi, ya ce a'a. Ya ɗora akwatin a teburin Filomina, ya buɗe, ya fito da fayilolin ɗaya bayan ɗaya, duka, ba na kwatar kaɗai ba. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji ya ce mata ta shigar da su a littafi da kwanan watan yau, kada ta rage ko rana ɗaya, ta kuma rubuta cewa daga gidansa suka fito. Ta fara rubutu da sauri. Ya ce ta yi a hankali, ba wanda ke korar ta.

Wasu manyan sashensu sun leƙo ta taga, suka koma da sauri. Na san abin da ke ƙarƙashin gadajensu, su ma sun san na sani.

Da ya gama ya gyara hannun rigarsa, ya hau bene wurin kwamiti. Da zai wuce ni ya ce, ba tare da ya tsaya ba, in mayar wa Mero akwatinta, tana son abinta.

Na dawo da shi a kan acaɓa. Ba nauyi yanzu, sai ƙarar murfi.

Asabar, da yamma

Anti Mero ce ta gaya wa Inna, Inna ta gaya wa bango ina kusa. Ba kora. An sauke shi daga kujerarsa, an sa masa takardar gargaɗi a fayil ɗinsa, zai ƙarasa watannin da suka rage a gida. Fansho yana nan. Walima babu, an ce bai dace ba.

Abin da aka faɗa a ɗakin kwamitin bai gaya wa kowa ba. Jaridarmu ta buga sakin layi uku a shafin ciki, ba suna. Na karanta, ba kuskure ko ɗaya.

Na ɗauka zan yi barci mai nauyi. Sai lissafin shekarun da ya yi yana jiran ranar walimar nan nake yi.

Talata, bayan La'asar

Filomina ta kira ta ce takardun suna nan in ina so. Na biya na ɗauki Malam Ubale, ya rufe shago yana gunaguni, amma ya sa rigarsa ta Juma'a.

An ba mu benci a rajista. Ta kawo fayil ɗin ta ajiye a gabanmu. Ina kwance igiyar ƙamshi ya taso, turaren wutar Anti Mero, wanda take haɗawa da kanta. Ya kama kowane shafi. Filomina ta ce duk ɗakin ajiyar ya ɗauka, har darakta ya tambaya.

Na karanta wa Malam Ubale a hankali, ina fassara masa. Zanen ya tsaya daidai inda kwatar ta tsaya. Abin da aka ba da kwangilarsa shi aka gina, tsawo da faɗi. Layinmu yana cikin kashi na biyu, kashi na biyu kuma ba a taɓa sa shi a kasafi ba. Iyakar abin da takardun suka nuna ke nan, kuma ba zan faɗi fiye da shi ba.

Malam Ubale ya sa yatsa a kan zanen, inda layin ja ya ƙare, ya bi farar takardar har inda shagonsa ya kamata ya kasance. Ya ce, "Ashe ba cinye mu aka yi ba. Mantawa aka yi da mu." Kamar ya fi son na farkon. Sannan ya tambayi Filomina ko shi ma zai iya kawo irin takardata a kan fitilun kasuwa. Ta ce ya kawo, yanzu ta san inda ake buga hatimin.

Juma'a, bayan an sauko

Ya zo. Da tsohuwar kaftaninsa, a ƙasa, ya ce mashin yana hutu kamar mai shi. Inna ta buɗe kwanon. Na kawo ruwan wanke hannu na durƙusa. Na shirya magana tun jiya, amma ruwan kawai na zuba masa.

Ya ci loma biyu, ya dubi katangar, ya dubi alamar allin da danshi ya wuce.

"Jarida, kin gani?"

"Na gani, Kawu."

"To me kike jira? Ki rubuta musu wata, ki tambaye su ina kashi na biyu ya kwana." Ya gutsuri tuwo. "Ta ƙofar gaban taki. Yanzu ba ni da kujerar da za ta faɗo a kaina."

Inna ta ce a bar mutum ya ci abinci. Hadari ya haɗo ta gabas, ta tashi kwashe shanya. Na taya ta, sannan na shigo na ɗauko takarda. Na rubuta adireshin, na tsaya. Zan kai masa ya duba kafin ya tafi.